Dalilin da ba na sa aya a aikin da muke kaiwa Lekki

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa mini a baki ɗaya. Ka ce masu saye sun fi rububin zanen da ke da rubutun Larabci, me ya hana mu sa aya ko hatimi kuɗin ya ƙaru? Sannan in sun tsare ka da tambayar ma'anar dagi, me za ka ce musu? Ajiye alƙalamin nan ka matso.

Zayyana asalinta ba kayan bango ba ce. Yaro ne zai sauke Alƙur'ani, sai a yi masa allo na musamman, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, a kewaye su da ado. Ya riƙe ya karanta gaban malamai da iyaye, daga nan ya zaga dangi da shi ana sa masa albarka ana ba shi tukuici. Allon nan an san mai shi, an san ranarsa, an san hannun da zai ɗauke shi. To aikin da muke naɗewa a nan Agege mu kai unguwannin Lekki ko Ikoyi na Legas fa, ina zai kwana? Wataƙila falon otal, wataƙila saman teburin da ake shan abin da ka sani, wataƙila a tura shi Landan. Mai sayen yana iya zama mutumin kirki, sai dai bai san ladabin abin ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ranar da zai tashi daga gida, 'yan dako su jingine shi a ƙasa kusa da takalma. Alhakin yana wuyan wanda ya rubuta. Saboda haka aya ina rubuta ta, amma ga masallaci, ga makarantar allo, ga gidan da na san mutanensa.

Hatimi kuwa ko kusa. Ilimi ne na malamai, da lissafinsa da sharuɗɗansa, kuma ba ka zauna gaban kowa ka karance shi ba. Abin da ya fi ɓata mini rai ma shi ne masu jagwalgwala layuka su yi kama da Larabci alhali ba su ce komai ba, don kawai baƙo ya ji kamar ya sayi asiri. Wannan ha'inci ne, ga mai saye da kuma ga rubutun.

Kada ka ɗauka in an cire aya an bar mu hannu rabbana. Buɗe Alƙur'anin nan bugun hannu na Kano ka duba. Baƙi na harufa, ja na wasali, ruwan ɗorawa na hamza, kore na alifin da ake sadarwa. Ka jera launukan nan huɗu a kan kyalle da irin wannan ma'auni, baƙi ya rinjaya, ja ya bi shi, sauran biyun ɗigo-ɗigo, duk wanda ya taɓa zaman tsangaya zai ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa ko da babu harafi ɗaya. Ga siffar allon kanta, ga lanƙwasar nun, ga da'irorin da ake yi a gefen shafi wurin hizifi da sujada. Wannan duk namu ne, kuma ya ishi mutum aiki har tsufa.

Wasu sun riga mu bin hanyar. Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin Alƙur'ani ne. Ya yi karatun zane a Landan, ya koma gida ya ga aikin da ya zo da shi bai taɓa zuciyar mutanensa ba. Sai ya koma kan harafin da ya tashi da shi, ya yi ta warware shi har siffofi suka riƙa fitowa daga ciki. A 2013 gidan baje zane na Tate Modern da ke Landan ya baje aikin rayuwarsa. A nan gida ma, ɗaliban zane na Zariya na 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, abin da suka tsaya a kai ke nan. Okeke ya ɗauko uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, amma sai da ya koye shi ciki da bai kafin ya mai da shi nasa.

Batun ma'ana kuma, faɗi iya abin da ka ji daga manya. Dagi yana jikin bangon gidajen Zariya da Kano, yana kan riga da aikin dukawa tun kafin ya zama tambarin Jihar Arewa a zamanin Sardauna, kuma mutane da yawa suna fassara shi da haɗin kai. Tsaya nan. Kada ka ƙara masa tatsuniya don ka ga mai saye ya buɗe ido. In yana son ƙari, ɗauki takarda ka zana masa a gabansa, ya ga yadda layin ke bi ta sama ya bi ta ƙasa, ya sake sama, ba tare da ya karya ƙa'ida ko sau ɗaya ba. Aikinka na kanka kuma, faɗi abin da ke ranka lokacin da kake yi, ko da damuwar kuɗin haya ce.

Ni a wurina ibadar aikin nan tana inda mai saye ba ya gani. Bisimilla kafin ka tsoma alƙalami, tashi in an kira salla ko da layi bai ƙarasa ba, da ƙin sa fenti mai araha a ce mai tsada ne.

Yanzu kawo tawadar da ka dama jiya. Ka ga yadda take kama yatsa? Ƙaro ya yi yawa. A Kano iska za ta busar da ita nan take, amma raɓar Legas ba ta yafiya, sai ta kwana tana danƙo ta kwashi ƙura. Ƙara mata ruwa da garin gawayi kaɗan, ka sake tacewa. Gobe bayan asuba ka fere sababbin alƙaluma, ka cika mini allon gwaji da dagi, manya da ƙanana, kafin mu taɓa kyallen Lekki.