Tsuntsun dutse da gonar acca

Tambaya: Malam, a duwatsun bayan gidanmu akwai wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa, kansa ja-ja, yana tsalle kan dutse yana ɗaga wutsiya. Yarana na harbinsa da danƙo, wai yana cinye mana acca. Gaskiya ne? (Wata uwa daga Bukuru)

Amsa: Malama, don Allah ki karɓe danƙon nan yau. Yadda kika siffanta shi, wannan shi ne ɗan tsuntsun duwatsu na dangin da masana ke kira Cisticola, kuma ba ruwansa da hatsi. In ya sauka kusa, ki lura da bakinsa: siriri ne kamar tsinke, na tsintar ƙwari. Masu cin acca bakinsu gajere ne mai kauri, don fasa ƙwaya. Shi kuwa ƙananan fara, gara, tururuwa da tsutsotsi yake bi a tsakanin duwatsu da ciyawa, wato aiki ma yake yi wa gonarki.

Sheƙarsa ce ta fi ba ni tausayi. Da ciyawa yake dunƙula ta, ya ɗaure da yanar gizo-gizo, can ƙasa-ƙasa cikin ciyayi, inda ƙafar saniya ko hannun yaro ke kaiwa. Ga ƙonar daji da rani, ga masu fasa dutse suna cin mazauninsa.

In da hali, ki kai yaran dajin Amurum da ke Laminga, gabas da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos take. Su kalle shi da madubin hangen nesa.