Kafin ka kori makaɗan ƙanenka

Wani Alhaji mai sayar da shadda ya rubuto mini cewa shekara biyu da suka wuce ya kashe wajen naira miliyan uku, ya saya wa ƙanensa mawaƙi kayan kiɗa da na sauti. Yaron yana da makaɗa huɗu, abokansa tun na yarinta. Yanzu ana ta kiransu biki, makaɗan sun ce ko a yanka musu kaso ko su ajiye. Ƙanen ya ce a sallame su, makaɗa sun yi yawa a gari. Tambayar Alhaji: "Ni dai so nake kuɗina su dawo da riba kafin shekara ta zagayo. In kore su?"

Alhaji, sau biyu na karanta saƙonka ina neman inda ka ce kun rubuta wani abu. Babu. Da wani zai ɗauki bandir goma bashi a shagonka, ba zai taka bakin ƙofa ba sai ka shigar a littafi. Amma da yake ƙane ne, miliyan uku ta fita da "Allah ya sa albarka". Kyauta ka yi masa, bashi ne, ko jari? Kayan na wane ne? Na tabbata in na tambaye ku daban-daban, amsa biyu zan samu.

Rigimar mawaƙi da makaɗansa tsohuwa ce. A watan Yulin 1954, a birnin Memphis na Amurka, Sam Phillips mai kamfanin Sun Records ya haɗa wani yaro direba ɗan shekara 19, Elvis Presley, da makaɗa biyu: Scotty Moore mai jita da Bill Black mai kiɗan bes, wato babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti. Su ukun suka lalubo salon da ya ɗaga Elvis. Gari-gari suke bi a mota ɗaya, Elvis ya ɗauki rabin kuɗin wasa, su biyun su raba sauran rabin. Scotty ma shi ne manajansa na farko. Da kuɗi suka fara kauri, rabo ya tashi. Kamfanin RCA ya sayi kwangilar Elvis kan dala 35,000 a ƙarshen 1955, sabon manajansa Kanar Tom Parker ya riƙe ragama, su Scotty kuwa aka tsayar da su kan albashi: dala 200 a mako in ana aiki, 100 in babu. A Satumban 1957 suka ajiye aiki don takaici, lokacin Elvis ya zama miloniya.

Na san abin da za ka ce: ai Elvis bai yi asara ba. Gaskiya ne. Sai dai a wannan labari kai ba Elvis ba ne, Alhaji. Layin su Scotty kake. Kai ma ka sa naka tun ba a san yaron ba, kai ma babu takarda a hannunka. Wanda ya iya cewa a kori abokan da suka yi shekara biyu suna ɗaukar kaya a ka saboda shi, me zai hana shi ce maka ya samu wani mai kuɗin ranar da wani ya yi masa tayi?

Kada kuma ka ce in ta ɓaci akwai kotu. Johnnie Johnson mai fiyano shi ya fara ɗaukar mawaƙin Amurka Chuck Berry aiki a ƙungiyarsa a ƙarshen 1952, kafin Berry ya zama shi ne gaba. Sai a shekarar 2000 ya shigar da ƙara cewa tare suka tsara waƙoƙi da dama. A 2002 alƙali ya kori ƙarar, ya ce an makara.

Na taɓa zaman sulhu tsakanin wani mutum da ɗan yayarsa kan irin wannan. Aka ce a kawo shaida, ya fito da rasit ɗaya na janareta, shi ma sunan yaron ne a jiki. Haka ya tashi.

Saboda haka kada ka kori kowa yanzu. Sabon makaɗi ya fi araha a baki, amma zai yi watanni kafin ya gane inda ƙanenka ke shaƙar numfashi, kuma masu biki kiɗan da suka ji a bikin maƙwabta suke biya. Ka tara su shida har da kai, da dattijo ɗaya a matsayin shaida. A rubuta kayan naka ne, haya ake biyanka duk fita. In an yi wasan dubu ɗari biyar, a fara cire mota da mai da hayarka, abin da ya rage mawaƙi ya ɗauki rabi, makaɗa su raba rabi, ko yadda kuka daidaita. Kuɗin liƙi a ƙirga su a gaban kowa kafin a bar wurin, don a nan ake yawan ɓatawa.

Maganar riba kafin shekara kuwa, cire ta daga ranka. In hayarka dubu hamsin ce, sai an yi fita sittin kafin uwar kuɗin ta dawo, ban da gyaran abin da ya ƙone. Fara da tambayar ƙanenka fita nawa suka yi bara, ka ga ko zai iya faɗa maka.