An yi mini tayin fili a Maitama da arha, in biya?

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Wani dillali ya kawo mini fili a Maitama, wai na wani babban mutum ne da ya shiga matsi, kuɗin bai kai rabin yadda ake sayarwa ba. Ya nuna mini takarda mai hatimi, ya ce in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a, wai unguwar manya ba ta buƙatar bincike. Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Alhaji, kada ka ba da ko sisi.

Maitama tana cikin kashin farko na tsarin Abuja na 1979, tare da Asokoro da Wuse da Garki. Tun 1987 aka buɗe otal ɗin Hilton a can, kafin ma gwamnati ta tare a Disambar 1991. Yau ga ofisoshin jakadanci, ga hedikwatar INEC. Ka bi titin Gana ko Mississippi da yamma, dogayen katangu za ka gani, da maigadi a kan benci yana jin rediyo, gidan kuwa sau da yawa babu kowa a ciki. Masu irin waɗannan gidaje ajiyar dukiya suka yi. Wanda ya matsu a cikinsu, waya ɗaya zai buga maƙwabcinsa ya saya. Me zai kai shi neman mai saye har Kwari?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan magana ta "unguwar manya ce". Kusan kullum sai na ji ta a ofis, kuma yawanci bayan kuɗi ya riga ya fita. Mutanenmu sun ɗauka sunan babban mutum a kan takarda shi ne shaida. Ina! Tun dokar 1976 da ta kafa Abuja, duk ƙasar birnin ta gwamnatin tarayya ce, ministan Abuja kaɗai ke ba da fili. Ba dagaci ba, ba ƙaramar hukuma ba, ba "wani na sama" ba. Hatimi kuwa, yaro mai kwamfuta zai buga maka shi kafin shayinka ya huce. Na taɓa riƙe takardu uku na fili ɗaya, kowacce da mai ita, kowane yana rantsuwa da Alƙur'ani.

Ko takardar gaskiya ce, ba a gama ba. C of O, wato takardar shaidar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, aro ne na shekara 99, da kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara. A 2025 an soke takardun dubban filaye a tsofaffin unguwannin Abuja, har da Maitama, saboda bashin wannan kuɗi. A zamanin da El-Rufai yake ministan Abuja, 2003 zuwa 2007, katafilar rusau ba ta tsaya tambayar gidan wane ne ba.

Ka samu lauyanka, ba na dillali ba, ya kai lambar fayil ɗin filin AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, a bincika: sunan wa ke kai, an jinginar wa banki, an soke? E, za a yi ta kai ka ana kawo ka, ni ma abin na ba ni haushi. Sannan ka ce sai ka ga mai filin ido da ido. In dillalin ya ce Oga ya yi tafiya Dubai, ka ce za ka jira ya dawo.