Tambayi Likita: An ce ƙurar silin ce ta kwantar da Baba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Mahaifinmu ya haura shekara 65. Da ƙuruciyarsa kafinta ne a Kano, yawancin aikinsa buga silin, daga baya ya dawo gida ya kama noma. Tun daminar bara numfashinsa ya fara yin sama, ko masallacin ƙofar gida zai je sai ya tsaya ya huta. Aka ce tarin fuka ne, ya sha magani wata 6 ba sauƙi. An zuƙe masa ruwa a ƙirji, ya sake taruwa. Da muka kai shi Kano aka ɗebi tsoka aka gwada, sai aka ce kansa ce mai suna mesoteliyoma, wai asbesto ke kawo ta. Likita, Baba bai taɓa sa sigari a bakinsa ba. Wasu dangi sun ce jifa ne saboda wata rigimar gona. Inna ta ware masa kwano da kofi. Kuma silin ɗakinsa na asbesto ne, shi ya buga da hannunsa, yanzu Yaya ya ce zai farfasa shi ya zubar. Don Allah ka wayar mana da kai.

'Yarka daga Ringim

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Kafin komai, ki je yau ɗin nan ki ce wa Yayanki ya ajiye guduma. Kada ya taɓa silin nan. Na san tausayin mahaifinsa ne ya sa shi, amma in ya farfasa shi, a wuni ɗaya zai cika ɗakin da ƙurar da silin bai saki ba a duk shekarun da ya yi a sama, kuma shi da yaran gidan ne za su shaƙa. Zan dawo kan abin da za a yi da shi.

Huhun mutum yana lulluɓe da wani siririn tantani mai ninki biyu, ɗaya a manne da huhun, ɗaya a jikin haƙarƙari ta ciki, da ɗan danshi a tsakaninsu don huhu ya riƙa zamewa in ana numfashi. A jikin wannan tantanin mesoteliyoma take fitowa. Tana iya kama irinsa da ke lulluɓe da kayan ciki, wani lokaci ma na zuciya, amma mafi yawa a ƙirji take. In ta kama, tantanin sai ya yi kauri ya riƙa tsattsafo da ruwa, ruwan ya danne huhu ya hana shi buɗewa. Abin da ke tsayar da Baba a hanyar masallaci ke nan, shi ya sa kuma in an zuƙe ruwan yake dawowa.

Shi asbesto ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa. Zare-zare gare shi, ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ga araha. Don haka aka yi ta cuɗa shi da siminti ana yin silin da kwanon rufi da bututun ruwa, ana sa shi a birki da kulocin mota. In an yanka shi ko an fasa, yana sakin zaren da ya fi ƙaiƙayin gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, kuma in ya shige can ƙasan huhu tari ba ya iya fito da shi, jiki kuma ba ya narkar da shi. Nan zai zauna yana sukar tantanin shekara da shekaru har wasu ƙwayoyin halittar wurin su lalace su koma kansa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kafinta yana yanka silin ya san yadda abin yake. Zai ja layi da fensir, ya sa zarto, farar ƙura ta rufe layin, sai ya sunkuya ya hure ta da baki don ya ga inda zai bi. Kafin azahar gira da gemu da cikin hanci duk sun yi fari. A rufaffen ɗaki ake yi, ba ruwa, ba takunkumi, da yamma kuma yaron shago ya bi da tsintsiya ya ƙara tayar da ita. Babu wanda ya gaya wa su Baba cewa akwai cuta a ciki, kuma wannan yana ci mini rai, domin masu ilimin abin sun sani tun kafin ya fara riƙe zarto. A 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, Dakta Wagner, da abokan aikinsa suka wallafa bayanin mutum 33 masu wannan kansar, kusan dukkansu sun yi mu'amala da ƙurar asbesto, wasu ma ba ma'aikatan haƙar ba ne, zama kawai suka yi kusa da wurin. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Duk da haka har yanzu sama da mutum 2,000 ke mutuwa da mesoteliyoma kowace shekara a Birtaniya, saboda ƙurar da suka shaƙa tun da daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane irin asbesto yana jawo kansa, har farin da aka fi yin silin da shi.

Wannan jinkirin shi ne yake ruɗa mutane. Tsakanin shaƙar ƙurar da bayyanar ciwon akan ɗauki shekara 20 zuwa 50. Mutum ya bar kafinta, ya yi noma, ya aurar da 'ya'ya, ya manta da zarto, sannan ciwo ya taso. Da yake ba a ga dalili a kusa ba, sai a waiwaya a nemi wanda aka yi faɗa da shi kwanan nan. 'Yata, ina roƙonku kada ku ɗora wa kowa. An ɗebi tsoka an duba a ƙarƙashin madubin likita, an ga cutar da sunanta, kuma sana'ar Baba ta isa bayani. Zargin jifa zai raba zumunci a daidai lokacin da ya fi buƙatar 'yan'uwansa su zo su zauna kusa da shi.

Maganar sigari kuwa, gaskiyarki. Sigari ba ta kawo mesoteliyoma. Abin da take yi shi ne, in ta haɗu da asbesto a ƙirjin mutum ɗaya, tana ninka haɗarin kansar huhu, wadda wata cuta ce daban.

Ki gaya wa Inna ta mayar da kwanon Baba cikin na kowa. Ba a ɗaukar wannan ciwo ta tari ko yawu ko kwanciya ɗaki ɗaya. Jikokinsa su shiga su gaishe shi, su ci tuwo tare. Marar lafiya yana lura da ranar da aka fara gudunsa ko bai faɗa ba. Abu ɗaya dai game da Inna: in ita ce take wanke masa kayan aiki a wancan lokacin, tana kakkaɓe su kafin ta jiƙa, to ita ma ta shaƙi wani abu, kuma an sha samun matan ma'aikata da suka kamu ta wannan hanyar. Kada hankalinta ya tashi, mafi yawan waɗanda suka shaƙa ba sa kamuwa. Amma in ta fara jin ƙarancin numfashi, ko ciwon gefen ƙirji da ya ƙi tafiya, ko rama ba dalili, ta je asibiti ta faɗi wannan tarihin da bakinta.

Ban ga laifin waɗanda suka fara zaton tarin fuka ba. A ƙasarmu in dattijo ya zo da tari da rama da gumin dare da ruwa a ƙirji, tarin fuka ne ya fi yawa, mesoteliyoma kuwa likita zai iya daɗewa yana aiki bai ga ko ɗaya ba. Abin da nake so masu karatu su riƙe shi ne, in an yi wata 2 ana shan maganin tarin fuka ba a ga canji ba, a koma a ce a sake bincike. In kuma likita ya tambayi sana'a, kada a tsaya a "manomi ne". A faɗi duk aikin da mutum ya taɓa yi tun yana saurayi, ko cirani ne na 'yan shekaru.

Yanzu maganar da ta fi nauyi. Ba zan ɓoye miki ba, a mafi yawan lokuta ba a warkar da wannan kansar, domin kafin ta bayyana ta riga ta bazu a tantanin. Rai a hannun Allah yake, amma abin da aka saba gani shi ne shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan gano ta, wasu su wuce haka. Akwai allurai irin su pemetrexed da cisplatin da ake haɗawa, sannan a 2020 Amurka ta amince da haɗin nivolumab da ipilimumab. Suna iya rage mata gudu su ƙara watanni, sai dai suna da tsada ƙwarai, suna kuma galabaitar da jiki. Kafin ku sayar da gona ko shanu, ku zauna da likitan kansar a Kano ku tambaye shi kai tsaye: wannan maganin me zai ƙara wa Baba, nawa ne daga farko har ƙarshe, kuma jikinsa zai ɗauka? A yi wannan zaman da Baba a wurin. Jikinsa ne, gonarsa ce.

Ko an yi allurar ko ba a yi ba, akwai abubuwa da yawa da za su sauƙaƙa masa. Ku tambaya ko za a iya yi masa aikin da ake zuba wata hoda ta musamman tsakanin ninkin tantanin don su manne ruwa ya daina samun wurin taruwa, ko a bar masa siririyar roba da za a riƙa zubar da ruwan. In ciwo ya yi tsanani aka rubuta masa mofin, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ku ba shi a kan lokaci yadda aka tsara, kada tsoron a ce zai saba ya sa ku bar shi cikin azaba. Yana rage wahalar numfashi ma. A gida a tokare masa baya da matasai ya kwanta a kishingiɗe. A riƙa yi masa fifita a fuska, iskar da ke bugun fuska tana rage jin shaƙewa. A nisanta shi da hayaƙin murhu da turaren wuta. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kunu, fura da nono, ƙwai, romo. Salla ya yi a zaune in tsayuwa ta gagara. Addu'a kuwa ku yawaita ta, amma ku yi hattara da masu lasifika a kasuwa da ke cewa suna warkar da kansa a kwana bakwai, kuɗin jinyarku kawai za su cinye.

To, silin. In lafiyarsa ƙalau, bai tsage ba, ba ya zubar da gari, a bar shi a inda yake, a shafa masa fenti. Kada a huda shi, kada a goge shi da takardar yashi. Ba duk silin da muke kira asbesto ne yake ɗauke da shi ba, wasu kamfanoni sun daina sa shi, amma ido ba ya bambancewa, don haka tsohon silin a ɗauka yana da shi. In yayyo ya lalata wani har dole a cire, a fitar da kowa da kayan ɗaki, a jiƙa shi sharkaf, a zare ƙusoshi a sauke shi ɗungurungum ba tare da karyawa ba, a naɗe a leda mai kauri a binne a rami mai zurfi nesa da gona da rijiya. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma a binne shi tare, ban da tsintsiya. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙurar, sai takunkumin aiki mai matata. Kuma kada a bar gutsattsarinsa a tsakar gida, don na sha ganin an rufe randa da shi, an yi wa kaji akurki, yara kuma suna zane da shi a bango.

TAMBAYA: Likita, ni bakanike ne a Wudil. In na kwance birki nakan hure ƙurar da baki ko da iskar injin faci. Wani ya ce akwai cuta a ciki. Haka ne?

AMSA: Haka ne Malam, ka daina daga yau. Har yanzu ana haƙo asbesto a Rasha da Kazakistan da Sin, kuma ba ka da yadda za ka gane ko birkin da ke hannunka yana da shi. Ka yayyafa ruwa tukuna, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma, ka jefa tsumman a leda ka ƙulle. Kayan aiki su tsaya a gareji, kada ka kai wa maiɗakinka wanki ko ka ɗauki yaro da su a jikinka. Ka koya wa yaran shagonka haka, domin su ne suka fi ka shekarun da ƙurar za ta zauna a ƙirjinsu. In kana shan sigari, ka bari.