Tambayoyi da Amsoshi: Kurakuran da Ake Yi a Bidiyon Kai-Tsaye

Tambayoyin wannan makon kusan duk sun karkata ne ga bidiyon kai-tsaye, wanda matasa ke kira laif. Na ɗebo huɗu, na sakaya sunayen masu su, musamman biyun ƙarshe.

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da leshi a Gusau, ina yin laif a TikTok bayan la'asar. Hoton yana yawan tsayawa, kuma kwastomomi na cewa launin kayan ba ya fita. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Hajiya, sandunan sabis da kike gani a saman waya ba su ne ma'auni ba. Kallon bidiyo saukewa ne, laif kuwa turawa ne, kuma saurin turawa ya fi ƙaranci a yawancin layukanmu. Ki gwada da manhajar Speedtest a daidai inda kike zama. Idan turawar ba ta kai megabit 3 a daƙiƙa ba, ki sauya wuri ko layi. Ki kuma ware kusan gigabait ɗaya na data ga kowace awa. Wani lokacin ma ba sabis ba ne, zafi ne. A watan Afrilu, waya na caji, kyamara na aiki, tana cikin rigarta ta roba, dole ta rage ƙarfin kanta don kada ta lalace. Ki cika cajin tun da wuri, ki cire rigar.

Launi kuwa, ki fuskanci ƙofa ko taga, kada ki juya musu baya. Ki goge idon kyamarar da gefen mayafi, ki kashe filtar gyaran fuska, don ita ce ke mayar da ruwan toka ya koma fari.

Tambaya: Ni matashi ne daga Talata Mafara, ina laif na barkwanci. Wani da ban sani ba ya rubuto mini sunan unguwarmu da layin gidanmu. Ta yaya ya sani, alhali na kashe lokeshan?

Amsa: Ɗan'uwa, ba wayar ce ta tona ka ba, bayanka ne. Mai laif fuskarsa yake kallo, mai mugun nufi kuwa bango yake kallo: allon shagon da ke tsallaken titi, lambar babur, kalandar makaranta, rigar makarantar ƙanenka da ya gifta, hasumiyar masallaci. Kunne ma yana aiki. Muryar ladanin unguwa, ko wani ya ƙwala maka kira da sunan gidanku, sun isa.

A Zamfara wannan ba abin wasa ba ne. Mun san yadda masu ba 'yan bindiga bayanai ke aiki, kuma ba mu manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Wanda ya zauna yana ƙirga kyaututtukan da aka jefa masa a laif, ko ya ce gobe da safe zai kama hanyar Gusau, ya yi wa mai leƙen asiri rabin aikinsa. Ka zauna gaban bango ko labule marar komai. Labarin tafiya, ka bari sai ka dawo. Idan kuma za ka nuna allon wayarka, ka fara kashe sanarwa, don alat ɗin banki da lambar sirri ta OTP suna iya faɗowa kowa ya gani.

Tambaya: Wata ƙawata ta ce akwai shafukan waje da ake biyan mata dala idan suka yi laif na tsiraici. Ta ce ana rufe fuska, kuma ana toshe Najeriya yadda ba wanda zai gani a nan. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, hukuncin addini kin san shi, ba sai na maimaita ba. Zan tsaya a fagena, in gaya miki inda maganar ƙawarki ta yi rami.

Shafukan suna nan, kuma wasunsu na da maɓallin toshe ƙasa. Amma toshewar da lambar intanet ta mai kallo take aiki, kuma duk yaron da ya iya sauke VPN kyauta, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, zai bayyana kamar yana Jamus alhali yana zaune a Birnin Kebbi. Wannan shi ne ƙaramin ramin. Babban shi ne tunanin cewa laif na wucewa kamar hira. Ba ya wucewa. Kowane mai kallo na iya naɗar allonsa, kuma akwai manhajojin da aikinsu kawai naɗar irin waɗannan shirye-shiryen dare da rana, su zuba su a wasu shafukan da ba ruwansu da toshewar da aka yi. Daga can zuwa guruf ɗin WhatsApp na unguwa taki ɗaya ne.

Rufe fuska kuwa, mutane sun ɗauka fuska ce kaɗai shaida. Murya fa? Zanen lalle, tabo, zobe, zanin gado, fentin ɗaki? Baƙo ba zai gane ki da waɗannan ba, amma ai ba baƙo kike tsoro ba. Maƙwabciyar da ta shiga ɗakinki sau biyu ita za ta gane. Sannan shafukan da ke biya da gaske sai sun karɓi katin shaida da hoton fuska don tabbatar da shekaru, kuma kuɗin sai sun bi ta asusu mai suna. Wanda ya ce ba a buƙatar komai, ki turo bidiyon gwaji kawai, wannan ba aiki yake ba ki ba, makamin da zai juya ki da shi yake nema.

Ga kuma doka. Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, Kebbi ta bi sahu, kuma Hisbah na aiki. Dokar laifukan intanet ta tarayya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ita ma ta taɓo aika batsa ta kwamfuta ko waya a sashe na 24.

Tambaya: Malam, na yi kuskure. Wata ta kira ni ta bidiyo a Facebook, ta ja ni har na tuɓe. Yanzu an turo mini bidiyon ana neman kuɗi, ko a tura wa matata da abokan aikina a Argungu. Na tura sau ɗaya, sun sake dawowa.

Amsa: Allah ya rufa asiri. Ka sani da farko, mai yiwuwa ba mace ka gani ba. Tsohon bidiyo ake kunnawa a gaban kyamara, namiji na gefe yana naɗar allo. Sana'a ce ta gungu. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan damfarar.

Kada ka ƙara tura ko sisi. Kuɗin farko shi ya nuna musu kana jin tsoro kuma kana da abin bayarwa, shi ya sa suka dawo. Kafin ka yi musu bulok, ka ɗauki hoton saƙonnin, da sunan asusun, da lambar bankin da ka tura wa. Wannan lambar ita ce shaidarka mafi ƙarfi, tunda asusun banki na haɗe da BVN. Ka sanar da bankinka, ka kai ƙara ga 'yan sanda, suna da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja. Ka ɓoye jerin abokanka a Facebook, don daga nan suka kwashi sunayen da suke tsorata ka da su. Asusun naka kada ka goge shi tukuna, shaidar na ciki.

Akwai shafin StopNCII.org na masu shekara 18 zuwa sama. Za ka zaɓi bidiyon da suka turo maka, shafin ya ciro masa wata lamba mai kama da zanen yatsa a cikin wayarka, ba tare da bidiyon ya fita ba. Facebook da Instagram da TikTok na amfani da lambar su tare shi idan an yi yunƙurin ɗorawa. Ba ya aiki a cikin saƙonnin WhatsApp, saboda a kulle suke. Idan abin ya shafi yaro ko yarinya ƙasa da shekara 18, shafin Take It Down ne nasu, kuma lallai babba ya shiga maganar.

Ka samu mutum ɗaya da ka yarda da shi, yayanka ko amininka, ka gaya masa yau. Shi zai raka ka ofishin 'yan sanda, kuma shi zai riƙe wayar idan suka sake kira da wata lambar.