Shin Mutum Zai Iya Tafiya Cikin Lokaci, Gaba Ko Baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sha jin ana cewa Einstein ya tabbatar mutum zai iya tsallakawa gaba a cikin lokaci, wasu ma har suna cewa za a iya komawa baya a tarar da abin da ya wuce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko ƙirƙirar masu fim ce kawai? In akwai, me ya hana a yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayoyi biyu ka haɗa, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Tsallakawa gaba abu ne da aka auna da agogo aka tabbatar. Komawa baya kuwa har yau a kan takardar lissafi kaɗai yake.

Tushen maganar shi ne lokaci ba ya gudu bai ɗaya ga kowa. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa agogon da ke tafiya da gudu yana jinkiri idan aka kwatanta shi da wanda aka bari a baya. A 1915 ya ƙara da cewa agogon da ke kusa da abu mai nauyi sosai, kamar duniya ko rana, shi ma yana jinkiri fiye da wanda ke nesa. Ba agogon ne ya lalace ba. Bugun zuciyar mai ɗauke da shi, da tsufansa, da tunaninsa duk tare suke jinkirin, shi ya sa ba zai ji komai ba sai ya dawo an jera agogon biyu.

An gwada. A 1971 Joseph Hafele da Richard Keating suka ɗora agogunan atam, wato agoguna mafi daidaito wajen auna lokaci, a jiragen fasinja suka zagaya duniya, sau ɗaya ta gabas, sau ɗaya ta yamma. Da suka dawo, agogunansu sun saɓa da na ƙasa daidai gwargwadon abin da lissafi ya faɗa. A 2010 masu bincike a Amurka sun ga bambancin ko da an ɗaga agogo ɗaya sama da ɗayan da santimita 33 kacal.

Shaida mafi kusa da kai tana cikin wayarka. Taurarin ɗan'adam na GPS suna yawo a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, da gudun kusan kilomita 14,000 a awa. Wannan gudun yana sa agogonsu ya yi baya da kimanin maikrosakan 7 a kullum (maikrosakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa). Amma can sama ƙarfin jan duniya ya ragu, sai agogon ya yi gaba da maikrosakan 45. In ka cire 7 daga 45, saura 38 na gaba a kowace rana. Kar ka raina 38 ɗin nan. GPS tana gano nisa ne ta hanyar auna lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya iso, saƙon kuma da gudun haske yake zuwa, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. A cikin maikrosakan 38 haske ya ci kilomita 11. Saboda haka tun a ƙasa injiniyoyi suke rage wa agogon tauraron sauri kaɗan, don in ya hau sama ya yi daidai da namu.

'Yan sama jannati ma sun ɗanɗana. Sergei Krikalev na Rasha ya tara kwana 803 a sararin samaniya, ya dawo ya tarar duniya ta riga shi da kusan kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa. Tsallake ne na gaske, sai dai ko ƙiftawar ido bai kai ba.

Kafin tsallaken ya zama na shekaru, sai gudu ya kusanci na haske. A kashi 87 cikin 100 na gudun haske, shekara ɗaya a kumbo shekara 2 ce a duniya. A kashi 99.5, shekara ɗaya ta zama 10. Wato in ka je wani tauraro da haske ke ɗaukar shekara 10 kafin ya kai, ka juyo, kai shekara 2 ka ƙara, waɗanda ka bari kuma sun ƙara 20. Ka shiga gobensu ke nan, kuma ba hanyar dawowa.

Abin da ya hana a yi shi ne makamashi. Kumbo mafi gudu da ɗan'adam ya taɓa ƙerawa, Parker Solar Probe, ya kai kusan kilomita 690,000 a awa a Disambar 2024, amma ko kashi ɗaya cikin dubu na gudun haske bai kai ba. Kafin a kai abu mai nauyin kilo ɗaya tak zuwa kashi 87, ana buƙatar kimanin kilowat-awa biliyan 25, kuma sai an sake kashe irinsa wajen tsayawa. Ga matsalar ƙura: ƙwayar da nauyinta miligiram ɗaya ne, in kumbo ya ci karo da ita a wannan gudun, ƙarfin bugun ya haura na tan 20 na nakiya. Kuma duk yadda aka ƙara wuta, abu mai nauyi ba ya kai gudun haske ɗin kansa, domin makamashin da ake buƙata ƙaruwa yake yi ba iyaka.

Komawa baya fa? Gaskiya ne lissafin Einstein bai rufe ƙofar gaba ɗaya ba, kuma a nan masu zuzuta maganar suke fakewa. A 1949 masanin lissafi Kurt Gödel ya fitar da wata amsa ta lissafin inda hanya ke lanƙwasawa ta dawo da matafiyi jiyansa, amma sharaɗinta sai sararin halitta dukansa yana juyawa, abin da masu nazarin taurari suka auna kuwa faɗaɗa yake yi. A 1988 masanin kimiyya Kip Thorne da abokan aikinsa suka duba wata hanyar yanke mai haɗa wurare biyu masu nisa, wadda ake kira ramin tsutsa. In aka ɗauki baki ɗaya na ramin aka yi gudu da shi aka dawo, agogon bakunan biyu za su saɓa, sai wanda ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗayan a wani lokaci da ya wuce. Sai dai ba a taɓa ganin irin wannan rami ba. Ko an samu, rufewa zai yi nan take, sai an tokare shi da makamashin da ya gaza sifili, mai tarin yawa, wanda alamarsa kawai ake gani a tsakanin faranti biyu na ƙarfe da aka matso da su dab da juna a ɗakin gwaji. Ko da komai ya yiwu, ba za ka wuce ranar da aka mayar da ramin na'urar komawa baya ba. Wanda ke son ganin zamanin kakanninsa ba ta da amfani a gare shi.

Sannan akwai rikicin sababi. In mutum ya koma ya hana iyayensa haɗuwa, wa aka haifa da zai koma ya hana? Masanin kimiyya Igor Novikov ya ce duk abin da matafiyi zai yi a baya dole ya dace da abin da ya riga ya faru. Stephen Hawking kuma a 1992 ya kawo hasashen cewa dokokin halitta da kansu za su tarwatsa irin wannan hanya tun kafin ta buɗe. A ganina hasashensa ya fi kama hankali, ko da yake hasashe ne, ba hujjar da aka kammala ba.

Ka kuma bambanta ganin baya da zuwa baya, don mutane kan cakuɗa su. Hasken rana yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso, saboda haka ranar da kake gani ta ɗazu ce. Tarin taurarin Andromeda kuwa yadda yake shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce muke ganinsa. Wannan tsohon saƙo ne ya iso gare ka a makare. Kana iya karanta shi, amma duk amsar da ka aika musu, sai bayan wata shekara miliyan biyu da rabi za ta isa.