Me ya sa masu karanta The Walking Dead suka rabu gida biyu kan ƙarshensa?

Tambaya: Na kalli shirin talabijin na The Walking Dead, sai na ji ashe daga littafin zane aka samo shi, kuma wai masu karatu sun yi ta ƙorafi kan yadda ya ƙare. Me ya ɓata musu rai? Idan zan karanta, ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, ka sani tun yanzu amsar nan za ta tona maka wasu sirrin labarin.

Robert Kirkman ne ya rubuta shi, kamfanin Image Comics na Amurka ya riƙa buga shi wata-wata daga 2003 zuwa 2019, fitowa 193, duk a baƙi da fari. Tony Moore ya zana shida na farko, Charlie Adlard ya karɓa daga ta 7 har ƙarshe. Labarin wani ɗan sanda ne, Rick Grimes, da ya farfaɗo daga dogon suma ya tarar duniya ta wargaje, matattu suna tashi suna cin rayayyu.

Wani ɓangare na fushin bai shafi abin da ya faru a labarin ba, yadda aka sayar da shi ne. A Amurka masu shagunan littattafan zane suna yin oda tun kafin littafi ya fito, bisa sanarwar kamfani. Kirkman ya sa aka tallata fitowa ta 194 da ta 195 har da bangonsu, alhali babu su. Ana nan sai ga ta 193 a watan Yulin 2019, mai shafi sama da 70 a farashin da aka saba, kuma ita ce ta ƙarshe. Masu shago da yawa sun yi odar da suka saba, kwafin ya ƙare nan take, wanda ya shekara 16 yana bin labarin ya je ya dawo hannu rabbana. Hujjar marubucin ita ce idan mai karatu ya san saura fitowa nawa, zai iya hasashen ƙarshen. A ganina yana da gaskiya ta fuskar labari, amma masu shago ne suka kwashi asarar.

Sai mutuwar Rick. Mutumin da ya tsira daga yaƙe-yaƙe, har aka yanke masa hannu a fitowa ta 28, wani sangartaccen ɗan masu mulki, Sebastian Milton, shi ya harbe shi a kan gadonsa. Wasu suka ce wulaƙanci ne ga jarumi. Wasu suka ce ai dama tun farko rayayyu sun fi matattun haɗari. Irin wannan ce-ce-ku-ce an taɓa yi a fitowa ta 100, a 2012, da mugun nan Negan ya fasa kan Glenn, abokin Rick, da sanda mai wayar ƙaya, aka zana abin dalla-dalla. Kuma har aka gama ba a bayyana musabbabin annobar ba, wannan ma na cikin abin da ke ci wa wasu tuwo a ƙwarya.

Kai da za ka karanta yanzu ba za ka ji zafin da suka ji ba. Su shafi 22 suke samu, a tsaya musu a daidai wurin tashin hankali, su jira wata guda. A kundin da aka haɗa babu bango tsakanin fitowa da fitowa, ka juya shafi ka ga yadda ta kaya.

Ga yadda ake samunsa: ƙananan kundi 32, kowanne fitowa shida in ban da na ƙarshe mai bakwai, ko manya guda huɗu masu shafi sama da dubu kowanne. Manyan sun fi araha idan aka lissafa, sai dai nauyi gare su, kuma tsakiyar zanen da ya ratsa shafi biyu yakan nutse a ɗinkin littafin. Akwai kuma bugu mai launi da aka fara a Oktoban 2020.

Ka fara daga kundi na 1, kada ka ce za ka ɗora daga inda shirin talabijin ya kai ka, domin hanyoyinsu sun rabu. Daryl Dixon, ɗaya daga cikin jaruman shirin, babu shi a littafin kwata-kwata, Carl ɗan Rick kuma da ya mutu a talabijin, a nan shi ne ya rayu har ya girma ya yi iyali. Akwai zubar da jini da ashar sosai, ba na ajiyewa inda yara za su ɗauka ba ne.